ALKAMA A ƘASAR KURA DA BUNKURE: DAGA JIGO ZUWA RUWAN TIGA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Wannan ne ya sa da kwamitin mujallarmu ya nemi in rubuta wani abu game da tarihin yankinmu a fitowar bana, ban yi dogon tunani ba na zaɓi alkama. Ina gode musu da wannan dama, ina kuma roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci, domin maganar ta shafi tukunyar kowane gida, tun daga Karfi zuwa Kadawa, daga Kosawa zuwa Barkum.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Janairu, ko ya ratse ta Karfi ya nufi Bunkure da Rano, zai ga abin da ba a cika gani ba a ƙasar Hausa. Ko'ina ciyawa ta bushe, hazo ya rufe sama, amma a nan shuka ce kore shar har iyakar ganin ido. Yaran da aka haifa cikin wannan ni'ima suna ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Alhali ruwan nan jawo shi aka yi a gaban idon mutanen da har yanzu suna raye tare da mu, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan da suka sa aka kashe dukiya aka jawo shi ita ce alkama. Yau kuwa alkamar ta kusa zama baƙuwa a gonakin da aka share dominta.

Abin da nake son nunawa a wannan ɗan rubutu shi ne, a cikin shekaru hamsin da suka wuce noman alkama a yankinmu ya tashi ya faɗi sau da dama, kuma kusan kowane tashi da kowace faɗuwa a Legas ko Abuja aka yanke hukuncinsu. Idan muna so ta zauna da gindinta, akwai abubuwa uku da dole su dawo hannunmu, wato lokaci da ruwa da kasuwa.

Alkama Kafin Zuwan Dam

Alkama ba ta zo mana tare da Turawa ba. Sunanta ma ya isa shaida, domin daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka ari sunayen wasu abincin da ake yi da ita. Fataken da suka riƙa ƙetaro Sahara daga Arewacin Afirka zuwa Borno da Katsina da Kano sun zo da al'adar cinta, kuma a hankali mutanenmu suka koyi shuka ta a lambuna da bakin fadamu. Daga cikinta ne aka sami alkaki da alkubus da funkaso da taliyar hannu da gurasa, wadda Larabawan cikin birnin Kano suka shahara da ita kafin ta zama abincin kowa.

A wancan zamani noman alkama aiki ne na ƙaramin fili da babbar wahala. Mutum zai haƙa rijiya a bakin rafi, ya kafa jigo, ya yanyanka ƙasa fangali-fangali, ya wuni yana ɗaga guga yana zubawa a ƙaramar hanyar ruwa. Abin da zai samu bayan wata uku bai wuce 'yan tiyoyi ba. Shi ya sa alkama ta zama abincin sarauta da attajirai, da na biki da salla da garar amarya. Talaka gero da dawa ne tuwonsa da furarsa, gyaɗa da auduga kuma su ne kuɗin harajinsa.

Kura kuwa a lokacin ba da noman rani aka san ta ba. Da rini aka san ta, da marina da mabuga, da baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke saye su kai shi Agadas da can cikin hamada. Da an gama kaka, magidancin da ba shi da sana'ar hannu sai ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani Kano ko Jos ko kurmi, ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ƙauyuka su zama na tsofaffi da mata da yara har tsawon wata biyar. Sai mai karatu ya riƙe wannan hoto a zuciyarsa, domin da shi ne za a auna abin da ruwan Tiga ya kawo.

Audu Bako da Ruwan Tiga

A shekarar 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. Allah ya jiƙansa, mutum ne da ya fahimci cewa jihar da ke da mutane masu yawa da damina ta wata huɗu ba ta da abin da ya fi mata tare ruwa. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, kuma da ruwanta aka fara gwajin noman rani na zamani a Kadawa a farkon shekarun 1970, bisa shawarar masana na kamfanin NEDECO daga ƙasar Holan. Daga nan aka shiga babban aiki, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974, aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Abin da ya sa aka zaɓi yankinmu yana cikin shimfiɗar ƙasar kanta. Daga tuddan Tiga da duwatsun Rano ƙasa tana gangarowa a hankali zuwa arewa, ba ta yi tsayin da zai hana noma ba, ba ta kuma kwanta ƙwarai yadda ruwa zai tsaya ba. Saboda haka ruwa yana fitowa daga Tiga, ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu reshe biyu, na yamma da na gabas, ya yi ta rarrabuwa zuwa ƙananan hanyoyi har ya iso bakin gonar mutum, ba tare da an kunna inji ko an sayi man fetur ba. Wanda ya san abin da manomin fadama ke kashewa a kan injin ban ruwa shi ne zai san darajar wannan baiwa. An tsara kashi na farko na aikin ya kai hekta 22,000 a ƙasashen da yau suke ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, kodayake an daɗe ana noma abin da bai kai haka ba.

Aikin ya zo a kan gaɓa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi, sannan a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta kama hanyar zama labari. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin namu ya koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are.

Gaskiya ta tilasta a faɗi abin da aka rasa. Dubban mutane sun tashi daga gidajensu da kushewun iyayensu domin ruwan Tiga ya sami wurin kwanciya. A nan wajenmu an karɓi gonaki an baje su da katafila, an sare ɗorawa da tsamiya da kuka waɗanda kakanni suka bari, sannan aka mayar wa masu su bayan an cire wani kaso na hanyoyin ruwa da na mota. Mutanen Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke ciyar da fadamunsu da kamun kifinsu, sun ga ruwansu ya ragu. Mu malaman makaranta kuma mun ga yadda tsargiya ta yawaita tsakanin yara masu wanka a kanal, ga sauro da ba ya ɗaukewa rani da damina. Ruwan nan an biya shi da tsada, kuma wasu ne suka biya domin mu sha.

Dalilin da Ya Sa Aka Nace wa Alkama

Tun daga 1962 da aka buɗe babban injin niƙa fulawa a Apapa ta Legas, burodi ya fara shiga gidajen ma'aikata da leburori. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai shayi da burodi suka zama karin kumallon birni da ƙauye, kuma kusan duk alkamar da ake niƙawa daga Amurka jiragen ruwa ke kawo ta. A Kano ma aka kafa injin fulawa a Bompai. Gwamnati ta ga kuɗin ƙasa suna zurarewa waje, ta ƙudurta a noma alkamar a gida, a manyan ayyuka uku: namu na Kogin Kano, da Bakolori a ƙasar Sakkwato ta wancan lokaci, da na kudancin Tafkin Chadi.

A daidai lokacin duniya tana cikin zumuɗin sababbin irin alkama gajeru da Norman Borlaug da abokan aikinsa suka samar a Meziko, waɗanda suka sauya noma a Indiya da Pakistan, har aka ba shi lambar Nobel a 1970. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Siete Cerros, shi ne ya daɗe a gonakinmu. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka buɗe tashar gwaji a Kadawa, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri kuma aka ɗora mata alhakin inganta irin alkama na ƙasa baki ɗaya. A shekarun farko hukuma ce ke kawo tarakta ta yi huɗa, ta ba da iri da takin zamani bashi, wani lokaci har da injin girbi. Manomi nasa ban ruwa da cire ciyawa da korar tsuntsu. Tsarin ya sauƙaƙa aiki, sai dai ya koya mana jira. Ranar da tarakta ta makara, shuka ta makara, kuma alkama ba ta yafe makara.

Daga Shuka Zuwa Kaka

Ya kamata matasanmu su san dalilin haka. Alkama shukar ƙasashen sanyi ce, kuma abin da ya ba mu damar noma ta shi ne hunturu kaɗai. Tana bukatar sanyin Disamba da Janairu domin ta yi 'ya'ya a gindi ta cika fangali, tana bukatar sauran sanyin Fabrairu domin zangarniya ta fito ta ɗauki ƙwaya. Saboda haka lokacin shukarta ɗan ƙanƙani ne, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya shuka a cikin wannan tsakani, ya yafa iri kamar buhu guda a hekta, ya ba da ruwa kusan kowane mako, ya sa taki a kan kari, zai girbe bayan wata uku zuwa uku da rabi. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba, zafin Maris zai riski ƙwayar tana madara, ta motse ta zama kamar tsaki, buhunsa ya yi girma a ido ya yi sakayau a ma'auni. A gonakin gwaji ana samun tan 4 zuwa 5 a hekta, manoma da yawa kuwa ba sa wuce tan 2, kuma babban abin da ya raba su shi ne kwanan watan shuka.

Kakar alkama kaka ce ta biyu da Allah ya ƙara wa yankinmu. Tana zuwa a Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da iskar bazara ta fara kaɗawa, fili ya juye daga kore zuwa ruwan zinariya. Kafin nan yara sun sha ihu da kaɗa gwangwani, domin tsuntsayen jan-baki idan suka sauka a gona da safe, kafin azahar sun gama da ita. Ranar yanka tun da asuba ake fita da lauje, saboda idan rana ta take zangarniya kan bushe ta riƙa zubar da ƙwaya. A yanka, a ɗaure dami-dami, a tara a kan tamfal ko a daɓen da aka share, majiya ƙarfi su kewaye da sanduna suna bugu. Mata su karɓa da ƙwarya da faifai suna sheƙa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta zubo. Tsofaffi da yara su bi baya suna kala, Fulani kuma suna jiran a kwashe su shigo da shanu. A fitar da zakka, a sallami 'yan ƙwadago, a ware iri, sauran a ɗinke a buhu. Yanzu injin casa ya rage wahalar bugu a wurare da yawa, amma lauje yana nan.

A shekarun da nake aji, rajista kan nuna mini kakar alkama ta zo tun kafin in leƙa gona, domin layin 'yan aji biyar da shida kan rame na mako biyu. Mukan yi faɗa, iyaye su ba da haƙuri. Sai dai kuma a cikin watan ne ake biyan bashin littafi, a ɗinka wa yaro sabon yunifom, a sa ranar aure. Ƙauyukan da a da suke zama kufai da rani suka koma masu karɓar baƙi, 'yan cin rani daga wasu ƙasashe suna zuwa neman aiki wurinmu. Akwai ma gari a ƙasar Bunkure mai suna Alkamawa, wanda har yau idan ana maganar alkama a Jihar Kano sai an ambace shi.

Takunkumin 1987

Ba kowa ne ya yarda da wannan tafiya ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, inda suka nuna cewa Nijeriya ta faɗa tarkon burodi: ta saba da abincin da ba ta iya noma shi da arha, kuma alkamar manyan madatsun ruwa ta fi ta jirgin ruwa tsada nesa ba kusa ba. Manomanmu ma, ba tare da sun karanta littafi ba, sun riga sun lura tumatir ya fi kawo kuɗi.

Sai ga shi kuɗin mai sun faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, kuma daga Janairun 1987 ta hana shigo da alkama ƙasar nan ɗungum. Aka ƙaddamar da shirin gaggauta noman alkama, aka zuba kuɗi a jihohin Arewa, Kano tana kan gaba. Hukumar KNARDA da kamfanin KASCO suka baza iri da taki da ƙananan injinan ban ruwa, alkama ta fita daga bakin kanal ta shiga fadamu. Farashi ya yi sama. Waɗanda suka ga wannan zamani ba za su manta ba: ma'aikata da 'yan kasuwa daga birni suna zuwa hayar gona, gidajen kwano suna tashi, babura suna shigowa, wasu suka sauke farali da kuɗin alkama. A tsakiyar wannan hali ne, a watan Agustan 1988, madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi ɓarna mai yawa, abin da ya tuna wa kowa cewa gini ba ya kula da kansa.

Daɗin bai daɗe ba. Abin da aka noma bai kusa isar injinan fulawa ba, fulawar sumoga ta riƙa kwararowa ta kan iyakoki, masu injina da masu gidajen burodi suna kuka, Amurka kuma tana matsa lamba a buɗe mata kasuwa. A farkon shekarun 1990 aka ɗage takunkumin. Jiragen ruwa suka dawo, farashin tamu ya faɗi, manomi ya tsaya da buhunansa yana neman mai saye. Doka ce ta ɗaga alkama, doka ce kuma ta sauke ta, ba a tambayi mai lauje ba a farko balle a ƙarshe.

Yadda Shinkafa da Tumatir Suka Karɓe Fili

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manomanmu suka juya ga abin da kasuwarsa ke kusa. Shinkafa ta mamaye damina, Kura ta zama cibiyar turara ta da casar ta, mata da matasa dubbai suka sami sana'a. Da rani kuma tumatir da albasa da masara suka cika fili, kasuwar Kwanar Gafan tana loda motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. Babu mai zargin manomi a kan wannan, domin da kuɗin aka gina gidaje aka yi karatun 'ya'ya.

Amma sauyin ya zo da nasa ciwo. Shinkafar da aka dasa a makare ba ta barin gona sai ƙarshen Nuwamba ko Disamba, kafin ƙasa ta sha iska a yi huɗa lokacin alkama ya wuce. Ga kanal da aka bari shekara da shekaru ba gyara: simintin ya farfashe, laka ta cika shi, kacala ta toshe hanyoyin da aka yi domin fitar da ruwan da ya yi yawa. Gonakin kusa da bakin ruwa suka jiƙe har wasu suka fara fitar da kanwa, na ƙarshen layi kuma suna kwana a gona suna jiran ruwan da ba ya isowa. Wasu suka riƙa fasa bango da dare su ja ruwa, rigima ta yawaita tsakanin maƙwabta. Tumatir ɗin da aka dogara da shi ma ya nuna halinsa, domin a shekarar da ya yi yawa zubar da shi ake yi a bakin titi, a 2016 kuma tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta share gonaki cikin 'yan kwanaki. Alkama kuwa ko ba komai tana jira a ɗaki wata da watanni ba ta ruɓe ba.

Shirye-shiryen Baya-bayan Nan

Gwamnatoci ba su daina waiwayar alkama ba. Daga 2011, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, an sake tayar da maganar, aka shigo da iri masu jure zafi irin su Norman da Reyna, suka haɗu da Atilla da manoma suka riga suka sani. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi, wanda ya haɗa da shinkafa da alkama, shirin da yanzu an dakatar da shi. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashin alkama a duniya, kowa ya ji a kuɗin burodi da taliya. A ƙarshen 2023 aka sake fito da wani shirin na tallafin iri da taki da taimakon Bankin Raya Afirka. Duk da haka, ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan noman 2021 ta nuna abin da aka noma a ƙasar bai wuce kimanin tan 37,000 ba, Kano ce kan gaba da kimanin tan 6,500, alhali abin da ake shigowa da shi kowace shekara ya haura tan miliyan 4.

Abin da ya fi shafar mu kai tsaye shi ne shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. A ƙarƙashinsa an gyara manyan hanyoyin ruwa da ƙofofinsu, duk da cewa rufe ruwan da aka yi domin aikin ya jawo wa manoma asarar noman rani. Sharaɗin da ya zo da gyaran shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su karɓi kula da ƙananan hanyoyi, su tara kuɗin ruwa, su yi yashe da kansu. Ma'ana, abin da muka saba cewa na gwamnati ne an miƙo mana wani sashe nasa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ya ku 'yan'uwa, ba mu da iko a kan farashin alkama a Amurka, ba mu da iko a kan dokar da za a sa hannu a Abuja gobe. Amma Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ga abubuwa uku da nake ganin suna cikin ikonmu.

Na farko, lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke nufin alkama da rani, tun watan Yuni zai yanke shawara, ya dasa shinkafa mai saurin nuna da wuri domin gonarsa ta zama a sake kafin tsakiyar Nuwamba. Ya ajiye irinsa mai kyau tun daga kaka, ko manoman layi guda su haɗa kuɗi su saya wurin da aka amince da shi, kada su zauna jiran irin tallafi wanda sau da yawa yakan iso bayan sanyi ya yi nisa.

Na biyu, ruwa. Kuɗin ruwa a biya shi, waɗanda suka karɓa kuma su karanta lissafinsa a bainar jama'a kowace shekara. A dawo da gayya domin yashe hanyoyi da cire kacala kafin a saki ruwa. Masu unguwanni da dagatai da limamai su sa baki a kan masu fasa bango, domin wanda ya saci ruwa a sama ɗan'uwansa na ƙasa ya kashe. 'Ya'yanmu da suka karanta aikin injiniya da aikin gona su shiga waɗannan ƙungiyoyi, kada a bar wa tsofaffi su kaɗai.

Na uku, kasuwa. Manomin da ya kai buhu biyar kasuwa a makon girbi, bashi yana binsa, dillali ne zai yanka masa farashi. Manoma ɗari da suka tara buhu dubu a rumbu ɗaya su ne za su zauna da kamfani a yi ciniki tun kafin shuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada kuma mu raina kasuwar da ke ƙofar gidanmu: masu gurasa da alkaki da funkaso da taliya, da gidajen da suka koma tuwon alkama. Wannan kasuwa ta girmi injin Apapa da ɗaruruwan shekaru, kuma babu dokar da ta taɓa rufe ta. Ina ba ƙungiyarmu shawara ta duba yiwuwar samar da rumbun ajiya da injin casa da ƙaramin injin niƙa, a sa matanmu a gaba wajen sarrafawa da sayarwa.

Kammalawa

Ba ina kira a bar shinkafa ko tumatir ba ne. Gonar da ke juya amfani tsakanin damina da rani ta fi lafiya, gidan da ke da abin sayarwa iri uku kuma ya fi kwanciyar hankali. Kakanninmu sun noma alkama da jigo da guga ba tare da tallafin kowa ba. Iyayenmu sun ba da gonakinsu da itatuwansu aka shimfiɗa kanal, wasu bayin Allah suka rasa garuruwansu domin ruwan ya taru. Abin kunya ne a ce a hannunmu hanyoyin suka toshe, irin ya ɓace. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin ajandar babban taro mai zuwa, a gayyato shugabannin masu amfani da ruwa da malaman gona, a fito da matsaya kafin shukar Nuwamba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci ruwanmu da ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani. Amin.